Ƙabila da Shugabanci a Cikin Ikilisiya: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar zaɓen dattawa ya ƙarato, ko takardar canjin wurin aiki ta fastoci ta fito, sai a fara ƙus-ƙus a bakin majami'a bayan an tashi sujada. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu bi a ikilisiyoyin arewacin Nijeriya suka fi maimaitawa, wasu a fili, wasu sai an ja mutum gefe.

1. Ƙabila ita kanta laifi ce a wurin mai bi?

A'a. Bulus ya faɗa wa mutanen Atina cewa daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai, shi ne kuma ya yanka musu zamaninsu da iyakar mazauninsu (Ayyukan Manzanni 17:26). Ranar Fentikos ba a mayar da jama'a masu harshe ɗaya ba, kowa ya ji bishara da harshen garinsu. Taron da Yohanna ya gani a gaban kursiyi ma, daga kowace al'umma da kabila da harshe yake (Wahayi 7:9). Saboda haka Bajju ko Berom ko Margi ko Tangale ba ya barin asalinsa a bakin rafi ranar baftisma.

Abin da aka hana shi ne tara, wato a duba fuskar mutum kafin a ba shi haƙƙinsa. Yakubu ya kira wannan zunubi kai tsaye (Yakubu 2:9). Kuma inda Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya yi kome da son zuciya (1 Timoti 5:21), maganar dattawa yake yi: yadda za a girmama su, yadda za a saurari ƙara a kansu, da wanda za a ɗora wa hannu.

2. Tun da an ce a cikin Almasihu ba Bayahude ba Bahelene, me ya sa ake ta da maganar ƙabila kuma?

A karanta Galatiyawa 3:28 tare da sura ta biyu. A Antakiya Bitrus yana cin abinci da masu bi na al'ummai lafiya lau. Da wasu suka zo daga Urushalima sai ya janye jiki, har Barnaba ma ya bi sahu. Bulus bai ce a yi shiru don zaman lafiya ba. Ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa, ya kuma kira abin da sunansa: munafunci. Wanda ya rubuta ayar shi ne wanda ya ta da maganar.

A yau sau da yawa masu rinjaye ne ke jawo wannan aya, kuma sai ranar da wani ya yi ƙorafi. Majalisa mutum goma, tara daga gari ɗaya, amma wanda ya ƙirga su shi ne za a ce ya kawo ƙabilanci cikin gidan Allah. An ba da ayar ne don a buɗe wa wanda aka bari a waje ƙofa, ba don a rufe masa baki ba.

3. Ta yaya ikilisiyoyinmu suka zama kusan kowace da ƙabilunta?

Tarihi ne ya kawo haka, ba wani ne ya zauna ya ƙulla ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, don haka mishan suka nufi ƙasashen da ba su musulunta ba, suka kuma yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa inda wannan ya kafa, wancan ba zai shiga ba. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, ta kafa a wurare kamar Patigi, Kwoi, Kagoro, Miango da Kaltungo, daga aikinta ECWA ta fito a 1954. Mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ta fara a Wase a 1904, reshenta na Ingila ya haifi COCIN a ƙasar Filato. Mutanen Denmak suka zauna a Numan a 1913 cikin Bachama, aka sami LCCN. Mishan ɗin 'Yan'uwa ya yi sujadarsa ta farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923, EYN ta yi jijiya cikin Bura da Margi da Kibaku da Kamwe. Tibi kuwa NKST ce tasu, sunan ma da harshensu yake.

Sakamakon shi ne, ƙabilar da tashar mishan ta faɗo a ƙasarta ita ta riga samun makaranta da asibiti da masu bishara. 'Ya'yan waɗannan masu bishara su suka zama fastoci na farko, jikokinsu su ne da digiri a yau. Wannan tazara ta shekaru talatin ko arba'in ita ke bin mu har ɗakin zaɓe (duba tambaya ta 6).

Kakanninmu sun ga haɗarin. Shi ya sa a 1955 ikilisiyoyin da suka fito daga SUM da abokan aikinta suka kafa tarayyar da yanzu ake kira TEKAN. HEKAN kuma ta tashi ne a Kaduna daga ma'aikata da sojoji da 'yan ƙwadago na ikilisiyoyi daban-daban, waɗanda suka ga gara su yi sujada wuri ɗaya da kowa ya kafa tasa.

4. Yin sujada da Hausa ba fifita ƙabila ɗaya ba ne?

Yawancin masu raira waƙoƙin Hausa ranar Lahadi ba Hausawa ba ne. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, harshen ya zama mahaɗar ƙabilun da in ba shi ba, ba mai jin wani. Da shi aka yi makarantun Littafi Mai Tsarki, da shi shirin bishara na Sabon Rai ya zaga ƙauyuka, da shi zumuntar mata ke waƙa. Amma akwai asara. Tsohuwar da Hausarta ta kasuwa ce kawai takan zauna sa'a biyu ta tashi da rabin wa'azi, ga yara kuma suna girma ba su iya addu'a da harshen kakanninsu. Inda aka fassara Sabon Alkawari da harshen gari, a riƙa karanta nassi da shi ko da wa'azin da Hausa ne.

Rabuwar da ta fi cizo a birane yanzu ita ce ta sashen Hausa da sashen Turanci. Baiko ya fi kauri a sashen Turanci, don haka muryarsa ta fi ƙarfi a majalisa. Mai gadi da mai dako da gwauruwa mai sayar da ƙosai suna sashen Hausa, sau da yawa kuma a nan ƙananan ƙabilu suka fi yawa.

5. Akwai inda aka yi ƙorafin ƙabilanci a ikilisiyar farko? Yaya manzanni suka yi?

Akwai, a Ayyukan Manzanni 6. Masu bi Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzannin, waɗanda su kansu daga ɗaya ɓangaren suke, ba su musa ba, ba su nemi wanda ya fara maganar don a ladabtar da shi ba. Suka tara jama'a, suka faɗi sharaɗi: mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Suka bar wa jama'a zaɓe.

A duba sunayen waɗanda aka zaɓa: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas. Dukansu sunayen Helenanci ne, na ƙarshen ma ba haifaffen Bayahude ba ne, mutumin Antakiya ne da ya shiga Yahudanci. Alama ta nuna masu rinjaye sun ɗauki rumbun gaba ɗaya sun danƙa wa ɓangaren da ya yi kuka. Ba a ce musu ga kujera ɗaya ku zauna ku ga yadda muke rabo ba. Wannan ne wurin da mu ke kasawa: muna iya ba baƙo mataimakin magatakarda, amma ma'aji da shugaba sai ɗan gida.

Daga baya a Antakiya shugabannin da aka lissafa su biyar ne (Ayyukan Manzanni 13:1): Barnaba mutumin Kubrus, Saminu da ake kira Baƙi, Lukiyas daga Kurane a arewacin Afirka, Manayen wanda ya tashi tare da Hirudus, da Shawulu na Tarsus, wato Bulus. Daga wannan ikilisiya ce aka fara aika masu bishara zuwa ga al'ummai.

6. Ba cancanta kawai ya kamata a duba ba?

Ita ya kamata a duba, kuma an rubuta ta a 1 Timoti 3 da Titus 1: marar abin zargi, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, ba mashayi ba, ba mai son kuɗi ba, mai riƙe gidansa da kyau. Babu garin haihuwa a ciki. Babu digiri ma, in za a faɗi gaskiya.

Matsalar ita ce ba ranar zaɓe ake samar da cancanta ba. Shekaru goma sha biyar kafin nan aka yanke hukunci: wa aka ba takardar shaida ya tafi Bukuru ko Gindiri ko Kagoro ko Kwarhi karatun tauhidi, wa majalisa ta biya wa kuɗin makaranta, wa aka tura babbar majami'ar birni inda manya za su san shi, wa aka bari a tashar bishara ta bayan dutse har ya yi furfura. Idan duk waɗannan ƙofofi a hannun mutanen gari ɗaya suke, ranar zaɓe za a ce da gaskiya babu wanda ya cancanta sai nasu.

An kuma taɓa yin amfani da kalmar a yi zalunci. Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe da aka 'yanto daga jirgin bayi, ya zama bishop ɗin Angilika baƙar fata na farko a 1864. A 1890 wasu matasan mishan daga Ingila suka zo da zargin cewa ma'aikatansa ba su kai ba a ruhaniya, suka dakatar da limamansa a gaban idonsa. Ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature, 'yan Afirka suka koma mataimaka. A 2014 Akbishop na Kantabari, Justin Welby, ya fito fili ya nuna nadamar abin da aka yi masa. Duk wanda ya ce "ba su kai ba tukuna" game da wata ƙabila, ya tuna an taɓa faɗin haka game da mu duka.

7. To a yi karɓa-karɓa mana, kamar yadda ake yi a siyasa?

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kundin tsarin mulkin 1979 aka rubuta cewa muƙaman tarayya su nuna fuskar ƙasa, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ma da aka kafa a 1976 rukuni biyar aka tsara ta, TEKAN da ECWA suna rukuni ɗaya. Inda amana ta riga ta lalace, karɓa-karɓa takan hana jama'a watsewa. Sandar dogarawa ce ga mai karaya, amma ba ita ce ɗori ba.

Illarta uku ce. Takan sa shugaba ya ɗauka ƙabilarsa ce ta aiko shi, sai ya shiga ofis da niyyar rama abin da aka yi musu. Takan raba kujeru tsakanin manyan ƙabilu biyu ko uku, ƙananan su zama 'yan kallo har abada. Kuma takan kawo ranar da "lokacinmu ne" zai tilasta a ɗora wanda kowa ya san hannunsa ba shi da tsabta. In za a yi ta, a rubuta ta a fili, a sa mata wa'adi, sharuɗɗan tambaya ta 6 su kasance a gabanta.

8. Laifi ne mu roƙi a turo mana fasto mai jin harshenmu?

Ba laifi ba ne. Makiyayin da ba zai iya zama da mai makoki ya yi masa ta'aziyya da harshen da ya fi ratsa shi ba, aikinsa da saura. Amma harshe ana koyonsa, jini ne ba a koya. Idan aka turo wanda ya iya harshen ko ya yarda zai koya, kuka ce a'a sai ɗan ƙasa, to ba harshe kuke nema ba.

Abin da ya faru a Ahiara ta jihar Imo ya isa misali. A 2012 Fafaroma Benedict ya naɗa Peter Okpaleke bishop ɗin wurin. Limamai da jama'a da yawa suka ƙi shi don ba ɗan yankinsu na Mbaise ba ne, daga Anambra yake, alhali duk Ibo ne. Suna da nasu kukan, cewa yankinsu ya ba da limamai masu yawa amma ba a ɗaukar bishop daga cikinsu. A 2017 Fafaroma Francis ya ba limaman kwana talatin kowa ya rubuto takardar neman gafara. Duk da haka bishop ɗin bai sami shiga ba, ya ajiye muƙamin a 2018, a 2022 kuma aka naɗa shi kadinal. Shekaru fiye da biyar ikilisiyar tana zaune ba makiyayi a cikinta. A gefe guda kuma, Matthew Hassan Kukah ɗan kudancin Kaduna ne, yana bishop a Sakkwato tun 2011. Josiah Idowu-Fearon ɗan jihar Kogi ne, ya yi shekaru yana bishop ɗin Angilika a Kaduna.

9. Tsohon Alkawari bai hana a naɗa baƙo sarki ba?

Maimaitawar Shari'a 17:15 ta faɗi haka, Ezra kuma ya raba aure da matan al'ummai. Dalilin da aka bayar shi ne gumaka, kada a juyar da zuciyar jama'a. Baƙon da ya kama Ubangiji kuwa an karɓe shi: Kalibu Bakenizze ya wakilci kabilar Yahuza, Rut mutuniyar Mowab ta zama kakar mahaifin Dawuda. Da Maryamu da Haruna suka soki Musa saboda matarsa mutuniyar Kush, Maryamu ce ta kamu da kuturta (Littafin Ƙidaya 12). A Sabon Alkawari ɗan'uwanka shi ne mai bi, ko daga ina ya fito.

10. Ina matsayin Hausawa da Fulani masu bi a wannan magana?

Su ne suka fi shan wuya ta fuska biyu. A gida ana ganin sun bar addinin iyaye, a majami'a kuma wani lokaci ana yi musu kallon 'yan leƙen asiri, musamman bayan kowane rikici. Harshensu ake wa'azi da shi (tambaya ta 4), amma da wuya a ga nasu a kujerar shugabanci in ba a yankunansu ba.

Ba jiya suka zo ba. Wusasa kusa da Zariya ta haifi Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, a nan kuma Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Akwai Masihiyawa, wato Hausawa masu bi, a ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa da Zariya, wasunsu jikokin masu bi ne. Gaskiya ne Bulus ya ce kada a naɗa sabon tuba (1 Timoti 3:6). Sai dai wanda ya yi shekara ashirin cikin bangaskiya, ya rasa gado da dangi saboda ita, ba sabon tuba ba ne. Da aka ji tsoron Shawulu a Urushalima, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni.

11. Ƙungiyar ƙabilarmu ta ce mu zaɓi namu. Yaya zan yi?

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Daren Asabar a taru a gidan wani dattijo da sunan addu'a, a sha shayi, a yi waƙa ɗaya da harshen gida. Can sai mai gida ya gyara murya ya ce, "'Ya'yana, kun ga shekara nawa muna share majami'ar nan muna ba da baiko. Gobe kada ku ba mu kunya." A karanta sunaye uku, a ce kowa ya faɗa wa matarsa. Da safe kuma a tsaya a roƙi Ruhu Mai Tsarki ya bi da zaɓe.

Ba sai ka yi wa dattijo rashin kunya ba. Kana iya cewa, "Baba, na ji, kukanmu gaskiya ne, mu kai shi majalisa a rubuce. Amma ƙuri'a zan ba wanda zan iya amsa wa Ubangiji a kansa." Idan ɗan ƙabilarku ne ya fi cancanta, zaɓe shi ba tare da jin kunya ba. Ƙungiyoyin ƙabila suna da amfaninsu, su ke kai gawa gida, su ke ƙawata bikin girbi da waƙa da rawa. Su tsaya a nan.

12. Ta yaya za mu gane ko ikilisiyarmu tana da wannan ciwo?

Kada a tambayi shugabanni, a buɗe littattafai. A ɗauko jerin shugabanni da magatakarda da ma'aji na shekaru ashirin, a ajiye shi kusa da rajistar membobi. A duba waɗanda aka biya wa karatu, da waɗanda aka ɗauka aiki a makaranta da asibitin ikilisiya, da waɗanda aka ba kwangilar gini. A duba horo: laifi iri ɗaya, wa aka sa a bencin baya wata shida, wa aka rufa wa asiri. A kuma saurari harshen da 'yan majalisa ke komawa gare shi idan magana ta yi zafi, da wanda ke zaune shiru a lokacin don ba ya ji.

Zumuntar mata takan fi majalisa sanin amsar, don su ke shiga gida-gida gaisuwar haihuwa da ta rasuwa, sun san iyalin da suka daina zuwa da dalilinsu. Da yawansu ma sun yi aure a wata ƙabila, 'ya'yansu ba sa shiga lissafin kowane ɓangare sosai.

13. Idan an ci gaba da danne mu, ba gara mu ware mu kafa tamu ba?

Kafin nan akwai matakai. A sami shugaba a keɓe, in bai ji ba a koma da shaidu, sa'an nan a kai gaban jama'a (Matiyu 18:15-17). A rubuta ƙorafi da hujjoji irin na tambaya ta 12, a bi tsarin mulkin ikilisiya daga majalisar majami'a zuwa ta gunduma zuwa babbar majalisa. A nemi dattawa daga wata ikilisiya su shiga tsakani. Kotu kuwa, Bulus ya riga ya ce zuwanta ma faɗuwa ce (1 Korintiyawa 6:7), kuma shari'ar filin majami'a takan daɗe fiye da waɗanda suka shigar da ita.

Buɗe sabuwar majami'a don mutane su ji bishara da harshensu abu ne mai kyau, muddin majalisa ɗaya ce, teburin Jibin Ubangiji kuma a buɗe yake ga kowa. Warewa don ba ma son zama da su wani abu ne dabam. A 1857 majalisar ikilisiyar Dutch Reformed a Afirka ta Kudu ta yarda a riƙa raba wa farare da baƙaƙe wurin sujada, wai saboda raunin waɗansu. Abin da aka kira sassauci ya zama ikilisiyoyi dabam-dabam bisa launin fata, daga baya aka kafa hujja da shi wajen kare mulkin wariya, har sai da masu bi da aka ware suka amsa da Shaidar Belhar, takardar bangaskiya da ta yi tir da wariya, a 1986. A nan gida, a ƙasar Takum, yawancin Kuteb sun fita daga ikilisiyar da yanzu ake kira CRCN a 1973 suka kafa tasu. Koyarwa ɗaya, mishan ɗaya ya haife su, amma sai da aka yi shekaru masu yawa ana zaman sulhu kafin shugabannin ɓangarorin biyu su sake zama inuwa ɗaya, kuma har yau ikilisiya biyu ce.